Gani Ya Kori Ji: Robert Bateman da Gardamar Zanen Namun Daji

Gabatarwa

Akwai wata gardama da ta daɗe tana gudana tsakanin masana fasahar zane a ƙasashen Turai da Amurka, wadda har yau ba a ga ƙarshenta ba. Gardamar kuwa ita ce: shin mutumin da ya zauna ya zana zaki ko mujiya ko ɓauna, ya fito da su tamkar za su motsa, mai fasaha ne, ko kuwa gwanin kwaikwayo ne kawai, wanda na'urar ɗaukar hoto za ta iya yin aikinsa kafin ƙiftawar ido? Wasu manyan masu sharhi suna ganin irin wannan zane bai wuce na kalanda da katin gaisuwa ba. Jama'ar gari kuwa ba ruwansu da wannan sharhi, rububinsa suke yi suna kafawa a bangon ɗakunansu.

A zamaninmu da wuya a sami wanda aka fi yin wannan gardama a kansa kamar Robert Bateman, mutumin ƙasar Kanada. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a dubi tasowarsa da yadda yake tunkarar dabba idan zai zana ta, sannan a auna maganar masu sukarsa. Ra'ayina tun daga farko shi ne masu raina aikinsa sun yi kuskure, domin sun ɗauka ganin abu yadda yake aiki ne mai sauƙi. Duk da haka akwai wurin da suke da gaskiya, kuma za mu zo kansa.

Wane ne Robert Bateman?

An haifi Bateman ranar 24 ga Mayu, 1930 a birnin Toronto. A bayan gidansu akwai wani kwari mai itatuwa da ƙorama, inda ya tashi yana bin tsuntsaye da kwaɗi da sauran ƙananan halittu. Tun yana yaro ya shiga ƙungiyar yara masu nazarin halittu da ke ƙarƙashin babban gidan tarihi na lardin Ontario, inda ya koyi sunayen tsuntsaye da yadda ake bambance wannan da wancan. Da ya ɗan tasa, ya riƙa yin aikin hutu a wani sansanin binciken namun daji da ke gandun Algonquin. Abin lura a nan shi ne sanin dabba ya riga ƙwarewar hannu zuwa wurinsa.

A Jami'ar Toronto ma ilimin labarin ƙasa ya karanta, ya gama a 1954. Wannan fanni ya koya masa yadda duwatsu da ƙasa da ruwa da tsirrai suke haɗuwa su yi wa dabba mazauni. Daga nan ya kama aikin malanta a makarantun sakandare, yana koyar da zane da labarin ƙasa, aikin da ya shafe kimanin shekara 20 yana yi. A tsakanin 1957 da 1958, shi da abokinsa Bristol Foster, masanin halittu, sun shiga mota Land Rover suka yi tafiyar wata 14, suka ratsa Afirka da Indiya da kudu maso gabashin Asiya har Ostareliya. A jikin motar Bateman ya riƙa zana ƙananan hotunan wuraren da suka bi.

Sai dai a waɗannan shekaru zanen da yake yi don kansa ya bambanta ƙwarai da wanda aka san shi da shi daga baya. Ya bi yayin lokacinsa, wato zane marar siffa, wanda ba ya kwaikwayon kamannin komai, sai dai launi da layi da fili da mai zane ke jerawa don su motsa zuciyar mai kallo. Ayyukan masu zane irin su Picasso da Franz Kline sun yi masa tasiri. A wancan zamani duk matashin da ke son a ɗauke shi da daraja a duniyar zane, wannan hanya yake bi.

Daga Buffalo zuwa Umuahia

A shekarar 1962 aka baje kolin ayyukan Andrew Wyeth, wani mai zane Ba'amurke, a zauren Albright-Knox da ke garin Buffalo, kuma Bateman ya je ya gani. Wyeth mutum ne mai zana gonaki da tsofaffin gidaje da busasshiyar ciyawa yadda suke a zahiri, amma da tsari mai zurfi da ke sa mai kallo ya yi tsit. Wannan baje koli ya nuna wa Bateman cewa mutum zai iya zana abu da kamanninsa ba tare da ya zubar da fasaha ba. Matsalar da ke damunsa dama ita ce, shi masanin halittu ne, a wurinsa kowane ganye da sunansa, kowane tsuntsu da jinsinsa, alhali zane marar siffa ba ya ba shi damar nuna wannan bambanci. A irin wancan zane, duk kore kore ne.

Shekara guda bayan haka ya zo ƙasar nan. Daga 1963 zuwa 1965 ya koyar da labarin ƙasa a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, makarantar da ta yaye marubuta irin su Chinua Achebe da Christopher Okigbo. A wannan zama ne ya duƙufa ga zanen namun daji da sabon salon da ya zaɓa. Ya kai ziyara gabashin Afirka, kuma wani ɗakin sayar da zane a Nairobi ya fara karɓar ayyukansa yana sayarwa. Bayan ya koma gida ya ci gaba da malanta, sai a 1976, yana da shekara 46, ya ajiye alli ya rungumi buroshi gaba ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. A 1981 aka zaɓi zanensa na wasu tsuntsayen ruwa a matsayin kyautar Kanada ga Yarima Charles lokacin aurensa, a 1984 aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasarsa, a 1987 kuma gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington ya baje kolin ayyukansa, jama'a suka yi cincirindo.

Yadda yake tunkarar dabba

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi a zanen Bateman shi ne, sau da yawa ba a ganin dabbar nan take. Masu zanen kalanda sukan kafa zaki a tsakiyar allo, ya tako gaba, ya zuba wa mai kallo ido, kamar wanda ya je ɗaukar hoton fasfo. Bateman kuwa yakan tura dabbar gefe, ko ya sakaya ta a bayan ciyawa, ko hazo ya rufe rabinta, ko ta juya baya. A zanensa na 1989 mai suna Midnight – Black Wolf, wato baƙin kyarkeci a tsakar dare, sai mutum ya ɗan jima yana duban duhun daji kafin ya ankara cewa akwai abin da ke kallonsa. A wani kuma mai suna Sheer Drop, dutsen ne ya cinye allon, awakin dutsen da ke tsaye a kansa ba su da wani girma.

Dalilin wannan a fili yake ga duk wanda ya taɓa shiga daji. Naman daji ba ya tsayawa a yi masa kallon ƙurilla. Abin da mafarauci ko makiyayi ke samu shi ne kunne a bayan kurmi, ko wutsiya da ta gifta, ko inuwa da ta motsa. Saboda haka wanda ya ɓoye dabbar a cikin mazauninta ya fi faɗin gaskiya a kan wanda ya fito da ita fili ya wanke ta tas. Ban da haka, akwai girmamawa a ciki, domin an bar dabbar tana harkar gabanta, mu ne baƙin da suka leƙo.

Abu na biyu shi ne mazaunin kansa. A wurin Bateman ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafar dabba da gansakukar da ke jikin dutse ba kayan cike gurbi ba ne. Dole su kasance irin waɗanda ke fitowa a wannan wuri, a wannan lokaci na shekara. A nan ne karatun labarin ƙasa ya yi masa rana. Mai zanen da ya ɗora tsuntsun fadama a kan busasshen reshen tudu ya yi ƙarya, ko da kowane gashin tsuntsun ya fita daidai.

Abu na uku shi ne hanyar aikin. Yakan yi zanen gaggawa a daji, ya ɗauki hotuna da yawa, ya duba fatu da ƙasusuwan da ke ajiye a gidajen tarihi. Wani lokaci har yakan gina ƙaramar siffar dabbar da irin yumɓun da yara kan yi wasa da shi, ya juya ta a gaban haske don ya ga inda inuwa za ta faɗa. Galibi da fentin akirilik yake aiki, mai saurin bushewa, wanda ke ba shi damar ɗora launi a kan launi, ya shafe abu ya sake wani, ya lulluɓe wani sashe da siririn fari don ya yi nisa kamar yana cikin hazo. Ke nan hoton da ke ƙarshe haɗi ne na abubuwa da dama da ya gani a lokuta dabam-dabam, wanda babu wata na'ura da ta taɓa ɗaukarsa.

Abu na huɗu, wanda masu suka kan manta, shi ne bai jefar da abin da ya koya a shekarun zane marar siffa ba. Idan mutum ya runtse ido kaɗan ya dubi zanensa, dabbar da ciyawar za su ɓace, sai manyan filaye na duhu da haske da suka yi wa juna sikeli. Wannan ƙashin bayan shi ke riƙe da zanen. Kamannin da ake yabo tufafi ne da aka sa masa daga baya.

Karkandar da ba a gani ba

Domin mu gane muhimmancin wannan naci a kan gani da ido, yana da kyau mu waiwayi tarihi kaɗan. A 1515 aka kawo wata karkanda daga Indiya zuwa birnin Lisbon na ƙasar Fotugal. Shahararren mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, bai gan ta ba, labarinta ya samu a wasiƙa tare da wani ɗan zane. Da wannan ya zana tasa karkandar, ya sa mata sulke kamar na mayaƙi, ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doron wuya wanda Allah bai halitta mata ba. Zanen ya yi kyau matuƙa, don haka aka yi ta kwafarsa a littattafan Turai fiye da shekara 200, mutane suna ɗauka haka karkanda take. Gwanin hannu ne ya zana jita-jita, kuma kyan zanen shi ya ba jita-jitar tsawon rai.

Daga baya aka sami irin su John James Audubon, wanda ya zana tsuntsayen Amurka a faranti 435 da aka buga tsakanin 1827 da 1838. Shi ya ga tsuntsayensa da idonsa, amma harbe su yake yi, ya tokare gawar da waya ta tsaya kamar mai rai, sannan ya zana. Kamannin sun fita, sai dai wani lokaci tsayuwar takan nuna cewa hannun mutum ne ya lanƙwasa ta. Bateman ya zo a zamanin da madubin hangen nesa da na'urar hoto suka sa ana iya nazarin dabba tana raye. Abin da ya ƙara a kan magabatansa shi ne ya zana dabba tare da halinta da wurin zamanta, har da wahalar ganinta.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta farko ita ce aikinsa bayani ne kawai, irin na littafin kimiyya, ba ya ɗauke da wani sabon tunani. Wannan magana ba ta karɓu a wurina ba. Zaɓen abin da za a nuna da abin da za a ɓoye, da inda za a ajiye dabba a allo, da irin hasken da za a ba ta, duk hukunci ne na mai fasaha. Kuma abin mamaki ne a ce wanda ya zana fuskar attajiri daidai da kamanninta mai fasaha ne, a rataye aikinsa a babban zaure, amma wanda ya zana fuskar damisa da irin wannan ƙwarewa a ce masa mai kalanda. Idan aka bi diddigi, raini ne ga abin da aka zana, aka fake da sukar hannun mai zanen.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma a nan ne nake ganin masu sukar suna da hujja. Daga ƙarshen shekarun 1970 wani kamfani a Amurka, Mill Pond Press, ya fara buga kwafin zanensa da injin ɗab'i, Bateman ya sa hannu a kowane kwafi, a ba shi lamba a sayar. Galibi akan buga kwafi 950 na zane guda, wasu kuwa an buga dubbai. Masu zane da yawa sun ce wannan ya rikita masu saye, domin mutum yakan biya kuɗi mai yawa yana zaton ya mallaki aikin hannu, alhali takardar inji ce mai sa hannu. Gaskiya ne wannan hanya ta kai zane gidajen da ba za su taɓa iya sayen na asali ba, kuma an tara kuɗi masu yawa da ita don ayyukan kare namun daji. Amma duk da haka, wajibi ne mai saye ya san abin da yake saye. Sai dai mu lura, wannan suka ta shafi kasuwa ce. Ba ta rage komai daga abin da ke kan allon asali ba.

Zanen da ba na ado ba

Akwai kuma masu cewa irin wannan zane yana rarrashin mutane, yana nuna musu daji lafiya lau alhali ana cinye shi. Wannan zargi zai iya hawa kan wasu, amma Bateman ya ba da amsarsa da buroshi. A 1989, lokacin da ake takaddama a kan sare tsofaffin itatuwan kwarin Carmanah a tsibirin Vancouver, ya yi wani zane da ya haɗa dajin yadda yake da kuma filin da aka sare aka bar kututture. A 1990 aka mayar da wani sashe na kwarin gandun da doka ta kare, bayan fafutukar jama'a da dama, ciki har da masu zane. A 1993 kuma ya zana Driftnet, inda aka ga dabbar ruwan nan dolfin da wani babban tsuntsun teku sun mutu a cikin taru. Irin wannan taru mai tsawon kilomitoci, wanda ke kama duk abin da ya gifta, shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a daina amfani da shi a manyan tekuna daga ƙarshen 1992. Babu mai sayen irin wannan zane don ya ƙawata falo.

Ko zanensa na 1997 mai suna Chief, na wani ƙasurgumin ɓaunan Amurka da ke fitowa daga cikin hazo, yana da nauyi na dabam ga wanda ya san tarihi. Waɗannan dabbobi miliyoyi ne a da, amma kafin ƙarshen shekarun 1880 an karkashe su har saura 'yan ɗaruruwa a daji. Mai kallo ba zai iya tantancewa ba, shin ɓaunan fitowa yake yi daga hazon, ko shiga yake yi.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Bateman ya daɗe yana kokawa cewa yaran zamani sun fi sanin tambarin kamfanoni a kan sunayen tsuntsaye da itatuwan unguwarsu, har ya sa hannu aka kafa wani shiri a Kanada a shekarar 2000 don sada yara da halittun da ke kewaye da su. Hujjarsa ita ce mutum ba ya kula da abin da bai san sunansa ba. A nan ne aikinsa ya haɗu da namu. Hausa tana da gwanki da kanki da mazo da mariya da gada, kowanne da kamanninsa da wurin zamansa. Ɗalibin da ya tashi fassara ko rubuta labari ya kira su duka barewa, ya yi daidai da mai zanen da duk kore kore ne a wurinsa. Haka wanda bai bambance shirwa da shaho ba, ko zalɓe da balbela. Kalmomin suna nan a ƙamus, amma ƙamus kaɗai zai iya mayar da mu irin Dürer, mu riƙa siffanta abin da labarinsa kawai muka ji. Mafarauta da makiyaya da masunta su ne suka ga abin da idonsu, kuma su ya kamata mai nazarin harshe ya zauna da su tun suna nan.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda yaron da ya tashi yana bin tsuntsaye a wani kwari na Toronto ya ratsa ta karatun labarin ƙasa da malanta da zane marar siffa, har da zaman shekara 2 a Umuahia, kafin ya sami hanyarsa. Mun ga kuma cewa kamannin da ke cikin zanensa sakamakon dogon nazari ne da tsari, kuma ƙorafin da ya fi ƙarfi a kansa na cinikin kwafi ne. Masu sharhi za su ci gaba da gardamarsu a kan wane zane ya cancanci shiga babban zaure. Abin da nake ganin ba ya cikin gardama shi ne, a lokacin da namun daji ke ƙarewa a kusan kowace nahiya, mutumin da ya tilasta mana mu tsaya mu nemi kyarkeci a cikin duhu ya koya mana duba da kyau. Duk mai aiki da buroshi ko da alƙalami, daga nan aikinsa ke farawa.